Rukuni ɗari biyu ko ashirin da ɗaya: bitar aikin wani ofishin tsara takardun kamfanoni a Yamai

Ofishin da wannan bita ta shafa ƙarami ne, a Yamai yake, kuma sana'arsa ita ce tsara wa kamfanoni takardunsu: ya tantance abin da ke jibge cikin kwalaye, ya rubuta jadawalin da ke faɗin tsawon lokacin da za a ajiye kowace irin takarda, sannan ya tsaya a kan lalata waɗanda wa'adinsu ya cika. Kamfanin da nake kula da sashen mulkinsa, wanda ke sayar da kayan gini a Yamai kuma yake da reshe a Tawa, ya ba su wannan aiki, kuma tun da jadawalin ya fara aiki an rufe lissafin shekara guda a ƙarƙashinsa, saboda haka akwai abin da za a auna shi da shi. Ba zan ambaci sunansu ba, domin cikin abin da zan faɗa akwai yabo, akwai kuma suka. Aikin ya cancanci kuɗinsa, amma fa sai wanda ya ba da shi ya zauna da su ya ja daga a wurare biyu ko uku, musamman a kan tambayar da dukan aikin ya rataya a kanta, wato ko a raba takardu zuwa ƙananan rukunoni masu yawa, ko a tattara su cikin manyan rukunoni kaɗan.

Kafin zuwansu muna da wani tsohon jadawali da muka gada daga kwantabul ɗin farko na kamfanin, mai layi kusan ɗari biyu, kowane layi da irin takardarsa da wa'adinta. A ido, abin gwanin ban sha'awa ne, domin babu takardar da ba a yi mata gurbi ba. Matsalar tana bayyana ne idan aka je magaza aka tsaya kusa da mai kula da ita a lokacin da mota ta gama lodin siminti. Takardar isar da kaya tana fitowa kwafi uku, fara da rawaya da ruwan hoda. Direba ya tafi da biyu, ya dawo da ɗaya da sa hannun mai karɓa, sau da yawa a naɗe cikin aljihu da tabon man inji a gefenta. A tsohon jadawalin, wannan takarda guda tana iya shiga layin sufuri, ko layin fitar kaya daga magaza, ko layin shaidun ciniki, kuma kowane layi da nasa wa'adi daban. Mai magaza ba lauya ba ne, kuma motoci uku na jiransa a bakin ƙofa, don haka abin da yake yi shi ne ya soke ta a ƙusa tare da ƴan uwanta, idan ƙusa ta cika ya juye cikin kwali ya rubuta wata da shekara a jikinsa. Da haka aka wayi gari da jadawali mai tsananin daki-daki a cikin durowa, da kuma ɗaki biyu cike da kwalayen da ba wanda ke da ƙarfin halin taɓawa, tun da ba a san abin da ya gauraya a cikinsu ba.

Abin da ya fara burge ni game da ofishin shi ne yadda shugabarsa, wata malama da ta yi karatun adana takardu a makarantar EBAD ta jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar, ta ƙi fara aiki daga kwalayen. Ta fara ne da zagaya ma'aikata tana tambayar kowa abin da yake yi daga safe zuwa yamma, da takardar da kowane mataki ke haifarwa, da wanda ke dawowa ya neme ta daga baya. Wannan ita ce hanyar da ƙa'idar duniya ta kula da takardu, wato ISO 15489, ta ƙarfafa, wadda ta fito a 2001 aka kuma sabunta ta a 2016: a rarraba takardu bisa aikin da ya haife su, kamar saye, sayarwa, biyan albashi ko kula da motoci, maimakon bisa sunan takardar ko sunan ofishin da ke riƙe da ita, domin sunayen ofisoshi na sauyawa duk lokacin da aka yi wa kamfani garambawul, alhali aikin yana nan yadda yake. A kan wannan ta ɗora tsarin manyan rukunoni, wanda hukumar adana takardun gwamnatin Amurka ta daɗe tana ba ma'aikatunta damar bi, kuma ƙa'idarsa mai sauƙi ce: a haɗa takardun da suka fito daga aiki ɗaya wuri guda, a duba wadda doka ta fi tsawaita wa wa'adi a cikinsu, sai a ba dukan rukunin wannan wa'adin.

A fannin kuɗi da ciniki wannan tsari ya zauna daram, kuma dalilin yana cikin dokar da muke aiki da ita. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka rattaba hannu a kan yarjejeniyarta a Port-Louis a 1993, kuma dokarta ta lissafin kuɗi, wadda aka amince da ita a Brazzaville a watan Janairun 2017 ta fara aiki a farkon 2018, ta ce a aya ta 24 a ajiye littattafan lissafi da takardun da ke shaidar abin da aka rubuta cikinsu har shekara 10. Dokar kasuwanci ta ƙungiyar, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ta sa shekara 5 a matsayin wa'adin da haƙƙin kai ƙara kan bashin kasuwanci ke faɗuwa, shekara 2 kuma ga abin da ya shafi cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa. Tsohon jadawalinmu ya yi ƙoƙarin bin kowane wa'adi daban, shi ya sa ya yi ta rassa. Hujjar malamar ita ce takardar isar da kaya, da takardar odar mai saye, da faktir, da rasidi, da takardar banki, dukansu suna iya zama shaidar layi ɗaya a littafin lissafi, kuma ranar da jami'in haraji ya zo bincike ba zai karɓi uzurin cewa an ƙone ɗaya daga ciki tun shekara ta uku ba. Saboda haka ta zuba su duka cikin rukuni ɗaya mai wa'adin shekara 10, ana ƙirgawa daga ranar 31 ga Disamba ta shekarar da aka yi cinikin, tun da a dokar OHADA shekarar lissafi tana tafiya daidai da shekarar kalanda. Layuka fiye da sittin na tsohon jadawali suka koma layi ɗaya.

Amfanin ya fito fili cikin ƴan watanni. Mai magaza ya ci gaba da soke takardunsa a ƙusa yana juyewa cikin kwali kamar yadda ya saba, illa dai yanzu abin da yake yi shi ne daidai, kuma ya ƙara rubuta shekarar da za a lalata kwalin da jan alƙalami a gefe. Wannan, a ganina, shi ne mafi ƙarfin hujjar manyan rukunoni: jadawalin da ya dace da yadda mutane ke aiki da ma, shi ake bi, wanda kuwa ke buƙatar kowane ma'aikaci ya yanke hukunci a kan kowace takarda, a durowa yake ƙarewa. Haka ma a kwamfuta, inda wuraren ajiya suka ragu har ana iya ganinsu duka a shafi ɗaya, kuskuren jefa takarda a inda ba nata ba ya yi sauƙi ƙwarai.

Tsarin yana da tsadarsa, kuma na yaba da cewa ofishin bai ɓoye ta ba. Idan aka ba dukan rukuni wa'adin takarda mafi daɗewa, to dole a riƙe abubuwa da yawa fiye da yadda ake buƙatarsu. Kwafi na uku na takardar isar da kaya, da jerin farashin da aka aika wa mai saye bai amsa ba, duk za su zauna shekara 10 suna cin wuri, alhali kuɗin hayar ɗaki a Yamai ba abin wasa ba ne, kuma kowane kwali ƙari abinci ne ga gara. Mun rage wannan asara da sharaɗi guda da aka rubuta a saman jadawalin, cewa wa'adin ya hau kan kwafi ɗaya ne kawai, wanda aka ayyana ofishin da ke riƙe da shi, sauran kwafin kuma a yar da su da zarar an rufe lissafin shekara. Jerin farashin da bai zama ciniki ba aka fitar da shi zuwa wani ɗan rukuni na takardun wucin gadi mai wa'adin shekara 2. Sauran rarar mun yarda mu ɗauke ta, domin kuɗin ƴan kwalaye bai kai kuɗin ma'aikacin da zai zauna yana tsince takarda ɗaya bayan ɗaya ba.

Inda muka sami saɓani na gaske shi ne daftarin farko da suka kawo, mai rukuni goma sha biyu kacal, wanda a cikinsa aka haɗa duk abin da ya shafi ma'aikata a layi ɗaya, aka ba shi shekara 10. Wannan kuskure ne ta fuska biyu masu karo da juna, kuma na yi mamakin ganinsa daga mutanen da suka nuna gwaninta a fannin kuɗi. Ta fuska ta farko, shekara 10 ta yi kaɗan ƙwarai. Yaron da aka ɗauka aiki yana ɗan shekara 25 ba zai nemi fansho a CNSS, hukumar da ke biyan fanshon ma'aikata, ba sai ya kai 60, wato bayan shekara 35, kuma idan a lokacin aka sami giɓi a lissafin gudummawar da aka zuba masa, abin da zai cece shi shi ne kwantiraginsa, da takardun albashinsa, da takardun da kamfani ya riƙa kai wa hukumar. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo na yawo daga wannan ofishi zuwa wancan yana neman shaidar aikin da ya yi a kamfanin da ya daɗe da rufewa, ya san nauyin wannan magana. Ta fuska ta biyu kuma, shekara 10 ta yi yawa, domin a cikin wannan rukuni akwai takardun neman aiki na ɗaruruwan matasan da ba a ɗauka ba, da kwafin katin shaidarsu, da hotunansu, da lambobin wayarsu. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kanta, kuma ɗaya daga cikin tushen irin wannan doka shi ne kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da dalilin karɓarsa ke buƙata. Haɗa waɗannan takardu biyu a rukuni guda kamar zuba gero da wake ne a rumbu ɗaya, ɗaya na iya shekaru lafiya lau, ɗaya kuwa dole a fitar da shi da wuri.

Da na kawo wannan ƙorafi a zaman da muka yi gaban mai kamfanin, malamar ta ce: "Alhaji, duk rukunin da muka ƙara, ƙofar kuskure ce muka ƙara buɗe wa yaranka." Shi kuma ya ce mata: "Malama, gaskiyarki, amma kuskuren da zai hana tsohon direbana fansho ba irin wanda zan iya gyarawa ba ne." Daga nan aka fito da ma'aunin da ya kamata a ce da shi aka fara, wanda kuma nake ganin shi ne abu mafi amfani da wannan aiki ya bar mana. Ana barin takardu a babban rukuni ɗaya muddin wa'adinsu yana fara ƙirguwa daga abu iri ɗaya, kuma muddin riƙe su fiye da kima ba ya cutar da kowa sai aljihun kamfani. Ana raba su idan ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa biyu ya faɗi, ko kuma idan mutanen da aka yarda su ga wata takarda ba su ne aka yarda su ga ƴar uwarta ba. Da wannan ma'auni rukunin ma'aikata ya rabu huɗu: dosiyen aiki da shaidun fansho, waɗanda wa'adinsu ba ya fara ƙirguwa sai ma'aikaci ya bar kamfani kuma yana da tsawo sosai, takardun neman aikin da ba su yi nasara ba, shekara ɗaya, takardun lafiya da haɗarin wurin aiki, a kabad mai makulli daban, sai kuma takardun yau da kullum irin na neman hutu da rajistar zuwa aiki.

Wannan ma'auni ya tona wata ɓarakar a rukunin kwangiloli. Daftarin farko ya sa su tare da takardun kuɗi, ana ƙirga shekara 10 daga shekarar da aka sa hannu. To amma yarjejeniyar hayar magazarmu ta Tawa ta riga ta wuce shekara 10 kuma tana nan tana aiki, wanda ke nufin da an bi daftarin da an ƙone takardar da muke zaune a kanta. Wa'adin kwangila daga ranar ƙarewarta ya kamata ya fara, kuma wannan yana buƙatar wani ya riƙa rubuta ranar rufewa a bangon dosiye, aikin da tsarin ƙirgawa daga ƙarshen shekara ba ya buƙata. Ofishin ya karɓi gyaran ba tare da gardama ba. Takardun da ba a lalatawa sam, wato dokokin kafa kamfani, da rajistar kasuwanci ta RCCM, da lambar haraji ta NIF, da bayanan tarukan masu hannun jari, da takardun mallakar filaye, tun farko sun ware su yadda ya kamata, suka kuma ba da shawarar akwatin ƙarfe mai jure wuta da kwafi na biyu a wani gini daban, shawarar da ba ta buƙatar dogon bayani a garin da Babbar Kasuwarsa ta ƙone a 1982, kuma ambaliyar 2020 ta shiga unguwanni da dama na bakin kogi. A ƙarshe jadawalin ya tsaya a rukuni ashirin da ɗaya.

Abu biyu suka yi da kyau waɗanda ban yi tsammani ba. Na farko shi ne sharaɗin dakatarwa: duk takardar da ta shafi shari'ar da ke gaban kotu, ko binciken haraji da aka buɗe, ko rikicin da ake hangen zai kai ga kotu, ana ɗaura wa kwalinta jan ƙyalle, kuma ba a taɓa shi ko da wa'adinsa ya wuce sai lauyan kamfani ya sa hannu. A tsarin manyan rukunoni wannan ya fi muhimmanci, domin lalatawa tana zuwa ne a dunƙule, kwalayen shekara guda gaba ɗaya. Na biyu shi ne yadda suka tsaya a kan lalatawar kanta. An cika takarda mai ɗauke da lambar kowane kwali da rukuninsa da shekararsa, mai kamfani ya sa hannu kafin a ɗaga ko ɗaya, aka niƙe su da inji a gaban wakilinmu. Wanda ya taɓa sayen ƙosai ko tsire ya tarar an naɗe masa shi cikin takardar albashin wani bawan Allah, da sunansa da adadin kuɗinsa a fili, ya san inda tsofaffin takardun ofis ke zuwa idan aka bar wa mai shara.

Rauninsu mafi girma shi ne reshen Tawa. Yarjejeniyar ta ce aikin ya haɗa da reshe, amma abin da suka yi shi ne hira da shugaban reshen ta waya da kuma aika masa jadawalin, ba tare da wani daga cikinsu ya taka ƙafa can ba, suna kawo hujjar nisan hanya, wadda ta wuce kilomita 500. Da sun je, da sun ga cewa rabin cinikin reshen bashi ne da ake rubutawa a littattafan hannu, inda shafi ɗaya na mutum guda ke iya ɗaukar ciniki na shekara uku ko huɗu, ana biya ana ƙarawa. Irin wannan littafi ba ya rufuwa a ƙarshen Disamba, saboda haka ba ya shiga rukunin kuɗi yadda aka tsara shi, kuma mu da kanmu muka ƙara sharaɗin cewa wa'adinsa yana farawa ne daga shekarar da aka biya bashin ƙarshe da ke cikinsa. Jadawalin da littafin bayaninsa kuma da Faransanci kawai aka rubuta su, cikin yaren masu sana'ar, alhali masu magaza da masu karɓar kuɗi da Hausa ko Zabarmanci suke aiki, kuma horon da aka yi musu rabin yini ne. Tsarin da aka gina a kan hujjar sauƙaƙa wa ƙananan ma'aikata bai kamata ya zo musu a harshen da sai an fassara musu ba.

Sun kuma matsa mana sosai a kan mu ba su kwangila ta biyu ta ɗaukar hoton dukan takardun a zuba a kwamfuta, har abin ya fara kama da talla. Mun ƙi, domin babu ma'ana a biya kuɗin ɗaukar hoton kwalin da saura shekara ɗaya a niƙe shi. Wuri ɗaya ne muka ga suna da gaskiya, wato rasidan da ƙananan na'urori ke bugawa a kan siririyar takarda mai aiki da zafi. A zafin Afrilu da Mayu, cikin ɗakin kwano, rubutunsu yana dushewa, kuma mun buɗe kwalin da bai wuce shekara biyu ba muka tarar da rasidan man mota sun koma farare fat, sai alamar ƙusar da aka soke su. Wa'adin shekara 10 ba shi da amfani ga takardar da ba ta karantuwa, don haka yanzu ana yin kwafinsu a mako-mako a manna da na asali.

Ta fuskar kuɗi, sun caje mu bisa yawan kwanakin aiki, aka biya kashi uku, kuma ba su ƙara ko dala a kan gyare-gyaren daftarin ba, ko da yake sun wuce ranar da suka yi alkawarin miƙa aikin da kusan wata guda. Ƙaramin shago mai ma'aikata biyar ba ya buƙatarsu, domin kwantabul ɗinsa zai iya rubuta masa rukuni shida ko bakwai a shafi ɗaya. Banki, ko asibiti, ko kamfanin da ke shigo da kaya ta duwan a kai a kai, zai buƙaci rukunoni fiye da namu, tun da dokokin da ke kansa sun fi yawa, kuma ya kamata ya haɗa su da lauyansa tun daga zaman farko. Kamfani matsakaici irin namu shi ne ya fi dacewa da su, da sharaɗin a rubuta cikin yarjejeniya cewa za su ziyarci kowane reshe da ƙafarsu, za su nuna ayar dokar da kowane wa'adi ya dogara da ita da kuma abin da ke fara ƙirga shi, kuma za su ba da taƙaitaccen jadawali a harshen da ma'aikata ke ji. Akwai kuma abin da muka riga muka sanar da su cewa za mu nema a bitar shekara mai zuwa, wato odar da masu saye ke turowa ta WhatsApp, da saƙon murya ko hoton takarda, zuwa wayoyin masu sayarwa na kansu. Wani kaso mai yawa na cinikin Tawa ta nan yake farawa, kuma har yanzu babu ko ɗaya daga cikin rukunoni ashirin da ɗayan da ya faɗi wanda ke da alhakin kwashe waɗannan saƙonni kafin ma'aikaci ya sauya waya ko ya bar aiki.